Sheƙa ta Uku

Assalamu alaikum, jama'ar da ke bin labarin nan. Kafin in ce komai, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto a ƙarƙashin rubutun baya cewa wai yanga ce ke damuna, mace ta samu namiji irin wannan tana wani jan aji. 'Yar uwa, na ji, kuma ban yi fushi ba. Ƙarya nake, na yi, har sai da na kifa wayar na je na sha ruwa. Ki karanta na yau, sai ki gaya min da ke ce ya za ki yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni aikina kula da namun daji ne a wani gandu. Cikin duk halittun da Allah ya zuba a dajin nan, ba giwa aka ba ni ba, ba barewa ba. Ungulu aka ba ni. E, ungulu dai da kuka sani, mai sanƙo, mai cin mushe. Tun da na kama aikin ba mai kirana da sunana a gidanmu, Uwar Ungulu suke cewa, har jikokin Umma. Ku yi dariyarku, na saba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne tsuntsuwar nan ƙarewa take yi. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ga kuma masu bi suna kwashe ƙwan da 'ya'yan, su sare kan iyayen su kai wa masu tsibbu. Bana sheƙa uku muka samu masu rai a duk faɗin gandun, yanzu saura ɗaya.

Shi kuma mutumin da ake min faɗa a kansa, gudu ne sana'arsa. Gudun famfalaki, irin wanda mutum zai fita da asuba ya yi ta zura ƙafa har rana ta faɗi. Ya ratsa hamada a ƙafa, ya hau duwatsun da ƙanƙara ke rufewa, ya dawo da faratan ƙafa baƙi ƙirin yana nuna wa mutane kamar wata lambar yabo. Yayata ce ta raɗa masa Famfalaki, sunan kuma ya bi shi. A filin jirgi muka haɗu. Ina dawowa daga taron masu kula da tsuntsaye, ma'aikata suka tsare ni wai mene ne waɗannan 'yan na'urorin da ke jakata. Ina ta bayanin cewa a bayan ungulu ake ɗaura su don a san ƙasashen da take ratsawa, su kuwa suna min kallon mai taɓin hankali. Yana bayana a layi, takalmansa rataye a wuya, yana ta ƙunshe dariya. Da muka fito ya ce, "Malama, ashe akwai wanda aikinsa ya fi nawa wuyar bayani a gaban iyaye."

Daga nan abin ya faro. Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Shi ya sa abin da zan faɗa yake min ciwo.

A aikinmu akwai doka: ba a faɗin inda sheƙa take, ko a waya ko a rubuce. In za mu shiga daji kowa sai ya kashe wayarsa ya jefa a wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kujerar motar Oga, wato shugaban masu gadin gandun. Sheƙunan suna da nisa daga inda mota ke iya kaiwa, ga igiya, ga ruwa, ga kyamara, duk a baya ake ɗauka. Famfalaki ya ce zai taimaka, shi wannan tafiyar a wurinsa motsa jini ce. Oga ya yi ta jan ƙafa, ni na tsaya masa. Ya raka mu sheƙa ta farko, ya raka mu ta biyu, kuma kowane zuwa shi ke fara jefa wayarsa a gwangwanin yana cewa, "Doka doka ce."

Ba a jima ba muka koma ta farko muka tarar an kafa turaku a jikin bishiyar an hau, sheƙar wayam. Ta biyu kuwa uwar muka samu a ƙasa ba kai, fuka-fukanta a baje. Ɗan da na yi makonni ina leƙe da madubin hangen nesa, tun yana ɗan dunƙulen farin gashi, babu shi babu alamarsa. Na zauna a gindin bishiyar na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Oga ya bari na gama, sannan ya ce, "Malama, shekara da shekaru muna shiga dajin nan ba a taɓa bin sawunmu ba. Ban ce ina zargin kowa ba. Amma ki zauna ki tuna wane ne sabo a cikinmu."

Tun ranar ban sake ganin Famfalaki da idon da nake ganinsa da shi ba. In ya sa sabon takalmi sai in ce a ina ya samu. Ya ce kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ne ke aiko masa, in ce a raina, haka dai ka ce. In wayarsa ta yi ƙara ya tashi ya fita amsawa, sai in bi shi da ido. Har jakar gudunsa na taɓa buɗewa da ya shiga masallaci ya bar ta a motata, na sa hanci ina shinshinawa ko zan ji ƙarnin tsuntsu. Ba abin da na ji sai warin safa, na kusa shiɗewa. Ga kuma saƙonsa da ba ya fashi:

"Ranki ya daɗe, yaushe za mu gaida ta ukun?"

"Ba yanzu ba."

"Ko an kore ni daga aikin dako ne?"

Ya haɗa da fuskar dariya. Na daɗe ina kallon 'yar fuskar nan, ina tambayar kaina wa take yi wa dariyar.

Ranar Asabar na zo gida. Tun a bakin ƙofa Umma ta tare ni, wai takalman dajin nan ba za su taka mata kafet ba, na cire su na ajiye kusa da tukunyar fulawa. A ɗakinta na tarar ta shimfiɗa min kaya a kan gado: doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya da bakin hannu, mayafi mai ɗan duhu, da 'yan kunnenta na gwal da ba ta ba kowa aro. Ɗakin sai ƙamshin turare yake, fanka na ta kaɗa labule.

"Cire min wannan wandon sojojin," ta ce. "Yaron nan zai zo da la'asar."

"Umma, ni fa a gajiye nake."

"Gajiyar ta jira. Zauna nan." Ta nuna min bakin gado. "Abbanki ya ce kafin yaron nan ya tafi gasarsa ta ƙasar waje yana son jin bakinki. In e ce, manya su shigo maganar. In a'a ce, ki sallami ɗan mutane ya kama gabansa."

"Ban gama tunani ba."

"Tunanin me? Saurayinki na farko ya shiga motarki ya fito yana toshe hanci. Na biyu ana cin abinci kika kawo masa hirar mushen jaki, bai sake waiwayo mu ba. Wannan da gudu ne aikinsa, shi kaɗai ne bai gudu ba, shi ne za ki tsaya kina min tunani?"

Na shiga wasa da bakin mayafin. Ya zan yi in ce mata, Umma, ina tsoron ɗan naki da kike yi wa addu'a shi ke sayar da 'ya'yan ungulu? Da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta yi kuka ta ce aikin nan ya taɓa min ƙwaƙwalwa.

Muna cikin haka Yaya ta faɗo ɗakin, jaririnta a kafaɗa, zani a ɗaure, ga takalmin gudu fari ƙal a ƙafarta. Tun da ta haihu ta sa rage ƙiba a gaba, kullum sai ta zaga tsakar gida tana haki, Famfalaki kuma ya zama malaminta.

"Uwar Ungulu, kin ga yau angonki ya yaba min?" Ta turo min wayarta a fuska. "Na zaga gidan nan har na ga jiri, ya turo min babban yatsa."

"A ina?"

"A manhajarsu ta 'yan gudu mana. Ke ba ki da ita? Kai, wannan wace irin budurwa ce! Duk inda ya taka sai ta zana a taswira, mutane dubbai ke binsa. Duba, wannan hamada ce, wannan can ƙasar sanyi ne, kin ga yadda layin ya hau dutse? Wannan kuma ina jin dajinku ne, har guda biyu."

Na karɓi wayar don kawai ta ƙyale ni. Wani jan layi ne kwance a kan taswira. Ya taso daga inda muke ajiye mota, ya bi busasshen rafi, ya yi kwana a bayan dutsen da muke hutawa, ya miƙe, sannan a wuri ɗaya ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na san wurin kamar yadda na san ɗakin Umma. Nan ne gindin bishiyar, inda muka yi ta kai da kawo muna ɗaura kyamara. Na buɗe na biyun, haka. Ga ranar a rubuce a sama, ga kuma ɗaruruwan mutane sun danna masa yabo a ƙasa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙura wa wayar ido.

"Ke lafiya?" in ji Umma. "Kin ga fuskarki kuwa?"

"Ba komai. Yaya, ara min wayar nan zuwa anjima."

Na yi wanka, na sa rigar, na sa 'yan kunnen, na zizara kwalli, duk kamar wata ake yi wa. A madubi na ga mace ta yi kyau, amma ni ba kyau ne a gabana ba.

Da la'asar Famfalaki ya iso cikin farin kaftani da hula, da ledar ayaba da lemo ta Umma. Ya durƙusa a kan kafet ya gaishe ta, tana ta sa masa albarka kamar ita ta haife shi. Ta kawo shayi ta fita, ta bar ƙofar falon a ɗan buɗe, ina jin Yaya a baranda tana jijjiga yaron da ba kuka yake ba.

"Ranki ya daɗe, wannan kwalliya haka? Amma fuskar ba ta biyo rigar ba. Wa ya taɓa min ke?"

Na ajiye wayar Yaya a kan teburi a gabansa. "Mene ne wannan?"

Ya leƙa yana murmushi. "Ai tafiyar da muka yi ce ranar da..." Ina kallo murmushin ya zube.

"Ba a gabana ka jefa wayarka a gwangwani ba?"

"Na jefa."

"To wa ya zana wannan?"

A hankali ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa na hagu. Wani ƙaton baƙin agogo ne ya leƙo daga hannun kaftanin, wanda tun da na san shi ban taɓa ganinsa ba shi ba.

"Agogon ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Shi ke ɗaukar hanya. In na dawo na kunna waya sai ya tura da kansa. Wallahi ko kusa ban kawo ba. Ni da na sa ƙafa a ƙasa yatsana ke danna shi, ko ban sani ba, shekaru ke nan. An ce waya, na ba da waya."

Jama'a, a gindin bishiyar nan ni da bakina na tambaye shi ƙarfe nawa, ya duba agogon nan ya faɗa min, na ce na gode. Mu da muke ɗaura wa tsuntsu na'ura a baya don mu san inda yake, mu ne muka shiga daji da mutum ɗaure da irinta a hannu, ba wanda ya ce uffan. A wurinmu agogo na lokaci ne, a wurinsa kuma kamar fatar jikinsa ne.

Zuciyata ta so ta yarda nan take. Sai wata zuciyar ta ce min, ke, mutumin da ya yi shekara da shekaru da abu a hannu zai ce bai san aikinsa ba? Ko dai dabarar ke nan, ya jefa waya a gaban kowa don a ce mai bin doka ne?

"Ba ni wayarka."

Ya miƙo ba gardama, har ya buɗe min. Wannan ma sai da na ce a raina, ko gaskiya ce ko ƙwarewa. Na shiga saƙonnin manhajar. Yawanci 'yan gudu ne masu tambayar takalmi da ciwon gwiwa, ga kuma 'yan mata masu turo zuciyoyi, waɗanda na ajiye maganarsu sai wani jiƙon. Can na ga wani ba hoto, ya sa wa kansa suna Masoyin Tsuntsaye. Ba ya yaba gudun hamada, ba ya yaba na ƙanƙara, sai na dajinmu kawai.

"Gwani, na ga ka daɗe a tsaye a wurin nan. Me ka gani?"

Famfalaki ya amsa masa: "Ungulu da ɗanta, ikon Allah! Ban taɓa gani kusa haka ba."

Bayan ta biyun mutumin ya sake rubutowa: "Masha Allah. Saura ina kuma?"

"Akwai ta uku. Ina jiran izinin uwargida."

Na karanta masa da ƙarfi, kalma bayan kalma. Ya dafe kansa da hannu biyu har hular ta zame.

"Na ɗauka mai sha'awa ne irina. Ni alfahari nake da aikinki, duk wanda ya tambaya sai in ji kamar in ba shi labarinki gaba ɗaya."

"Alfaharin naka ya sare kan uwa ya kwashe 'ya'ya biyu."

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ni kuwa ina kallonsa ina auna ko hawayen gaske ne ke shirin zuwa, Allah ya yafe min.

Na tashi na zaga bayan gida, wajen igiyar shanya, na kira Oga na zayyana masa komai. Ya yi salati. A nan tsakanin zannuwan gadon Umma dabara ta zo min. Akwai wata tsohuwar sheƙa da ungulaye suka daina amfani da ita, can gefen gandun da ke kusa da titi, nesa ƙwarai da ta ukun. Famfalaki ya ruga can da agogonsa, ya daɗe a gindin bishiyar kamar yadda ya saba, layin ya hau manhaja. Da ya dawo, masu gadi su shiga su laɓe, tunda a baya ɓarayin sai bayan kwana biyu suke zuwa. Shi kaɗai zai shiga, kar a ga sawun motarmu. Oga ya ce dabarar ta yi.

Akwai rabin da ban faɗa wa Oga ba, amma ku zan faɗa muku. In ɓarayin sun zo, to Famfalaki bai tsegunta musu ba, ba nasu ba ne. In ba su zo ba, na san wanda ya ce kar su zo.

Na koma falo na faɗa masa shirin. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wa aka ɗana wa tarkon nan, su ko ni?"

"Duk wanda ya faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Zan yi."

"Da sharaɗi. Yaya ta ce akwai yadda ake kunnawa a ga mutum a lokacin da yake gudun. Ka tafi da wayarka, ka kunna min. Ina so in ga duk inda ka taka da duk inda ka tsaya."

"Don kar in ratse in gana da wani ke nan."

Ban musa ba.

"Malama, in na kunna wannan ba ke kaɗai za ki gan ni ba. Duk mai bina zai iya ganin inda nake a daidai lokacin."

"Ka kunna."

Ya miƙe ya gyara hularsa. A bakin ƙofa ya juyo, ba faɗa a muryarsa, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

"In na dawo, ɗaya za a yi cikin biyu. Ko ki je wa Abba ki ce kin yarda, ko ni in je in ce na janye. Laifin agogo nawa ne, zan ɗauka har gaban Oga. Amma ba zan iya zama da macen da ke shinshina min jaka ba."

Ashe ya gan ni ranar. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Yana fita Yaya ta leƙo tana zare ido. "Wace jaka kuma?" Na ce ta ƙyale ni don Allah.

Da sassafe washegari ina cikin motar Oga a bakin gandun, ƙarƙashin wata bishiya inda sabis ke kamawa sosai. Na koma wandon sojojina, kwallin jiya bai gama fita daga idona ba. Oga ya zuba min shayi a murfin fulas, ban iya sha ba. Masu gadin suna can ofis suna jiran Famfalaki ya dawo kafin su shiga. Saƙonsa ya shigo:

"Na fara."

Shi ke nan. Ba ranki ya daɗe, ba fuskar dariya.

Na buɗe manhajar a wayata, don tun jiya Yaya ta sa min. Ga shi nan, ɗan shuɗin ɗigo yana tafiya a kan taswira, jan layi na binsa a baya. A ƙasa akwai 'yar alamar zuciya da lamba kusa da ita, bugun zuciyarsa ke nan da agogon ke ji a jikin fatarsa. Ya hau tudun farko, wanda ni sai na huta sau biyu nake kaiwa samansa, lambar ta ɗan ɗaga kaɗan ta koma ta zauna. Oga ya leƙo ya girgiza kai. "Wannan mutum ko doki sai haka."

Ɗigon bai ratse ko'ina ba. Yana kan hanyar da na zana masa tiryan-tiryan. Na fara jin wani abu na kwancewa a ƙirjina, har na kai murfin shayin baki. Sai idona ya sauka a wani ɗan rubutu a gefe: masu kallo, biyu.

Yaya ce, na ce wa kaina. Wa zai tashi da sassafen nan ya kalli gudun wani in ba ita ba? Na tura mata saƙo.

"Kina kallo?"

"Kallon me? Ina yi wa yaro wanka."

Na nuna wa Oga. Ya ajiye kofinsa a kan gaban mota.

A mashigar wani rafi, tun kafin ya kai bishiyar, ɗigon ya tsaya. Na ce ko takalmi yake ɗaurewa, ko ruwa yake sha. Bai motsa ba. Na kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can sai ɗigon ya zabura, ba ta hanyar bishiyar ba, ya yanki daji ya nufi arewa, layin na miƙewa da saurin da ban taɓa gani ba.

"Wannan ba ƙafa ba ce," in ji Oga. "Babur ne."

Kun san abin da ya fara fitowa daga bakina? "Na faɗa! Ya haɗu da mutanensa, sun ɗauke shi sun tsere!" Har da buga cinya. Wani ɗaci ya taso min, haɗe da wani mugun daɗi na wadda zarginta ya tabbata.

Sannan na kalli 'yar zuciyar.

Lambar hawa take yi. Ta wuce inda ta kai a kan tudu, ta ci gaba, ta koma ja tana ƙiftawa. Mutumin da ya hau tudu a guje zuciyarsa ba ta damu ba, yanzu yana zaune a kan babur tana neman fasa masa ƙirji. Wanda ya hau bayan abokansa ba haka zuciyarsa ke yi ba. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, ina kallonsa a tafin hannuna.

"Oga," na ce. "Ba tserewa ya yi ba. Kama shi suka yi."

Ya riga ya ɗauko rediyo yana kiran masu gadi, ɗaya hannun na murɗa makulli. Ya faɗa musu mashigar rafin, ya ce su fito da duk abin da suke da shi. Sannan ya juyo gare ni.

"Sun gaji da jiran taswira, sun ɗauki mai zana ta. Malama, ya san inda ta ukun take?"

"Bai sani ba. Ban taɓa faɗa masa ba."

"Su kuwa sun ɗauka ya sani."

Za su tambaye shi, zai ce bai sani ba, kuma gaskiya zai faɗa, ba za su yarda ba. Na san yadda hakan yake, ni ma jiya gaskiya ya faɗa min.

Motar ta faɗa hanyar daji tana jijjiga, rassa na dukan gilashi. Na riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kanta ina gogewa da babban yatsa don kar lambar ta ɓace min. Amsar da Abba ke jira ta fito, ina da ita a bakina, ina maimaita ta ni kaɗai kamar mahaukaciya: na yarda, wallahi na yarda, ka dawo kawai. Ɗigon na ƙara nisa, yana dosar inda dajin ya yi kauri, inda na fi kowa sanin ba sabis. Yana kaiwa bakin wurin ya daskare, jar lambar ta dushe ta koma toka-toka.

Na duba ɗan rubutun gefe. Masu kallo, ɗaya.